Takalmi Mai Taya: Me Ke Sa Shi Gudu, Me Ke Tsai Da Shi?

Wanda ya shiga birni ya ga samari suna gudu a kan takalmi mai taya yakan tambaya: me ke tafiyar da su haka? Amsar ita ce gogayya, wato riƙon da abu biyu ke yi wa juna in sun gogu.

Jan buhun gero a ƙasa da wuya, amma a baro ko yaro ya tura shi. Taya mirginawa take yi, gogayyarta kaɗan ce. Cikinta kuma akwai boris da ɗan mai. Irin mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya, James Plimpton ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1863.

To, gogayya cikas ce kawai? A'a. Sai mai takalmin ya tura ƙafa gefe, taya ta kama ƙasa, sannan ya yi gaba. Birkin ma guntun roba ne da ake dannawa a ƙasa. Inda ruwa ko baƙin mai ya zube, riƙon ya ragu, birki ba ya ci. Tsakuwa kuwa cije taya take yi, mutum ya kifa. Saboda haka busasshen filin siminti da aka share ya fi titin mota aminci.