Horon ma'aikaci da regen acca

Duk macen da ta iya tuwon acca a Jos za ta gaya maka cewa tuƙin ba komai ba ne, regewa ce aikin. Ƙwayar acca ƙanƙanuwa ce, kusan girmanta ɗaya da yashin da ke biyo ta daga masussuka. Sai an zauna da ƙwarya biyu da ruwa, ana karkatawa a hankali, har yashin ya kwanta a ƙasa. Wadda ta yi garaje kuwa, haƙorin mai ci ne zai tona mata asiri.

Haka aikin manaja yake idan aka kawo masa ƙarar ma'aikaci, ko a otal ne a Rayfield, ko a kanti a Terminus, ko a makarantar kuɗi a Bukuru. Labarin da ke isowa teburinsa a gauraye yake zuwa. Da gaskiya a ciki, da ƙarin gishiri, wani lokaci har da tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin mai kawo ƙarar da wanda ake ƙara. Masu gida da yawa ba sa tsayawa regewa. Rai na ɓaci sai ka ji, "Tattara naka-ya-naka ka bar min wuri."

A da, irin wannan kora takan wuce salin-alin. Amma gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duk wata rigimar aiki, kuma tana da reshe a nan Jos. Alƙalanta kan tauna abin da aka kawo musu sosai. An ba mutumin takardar tuhuma da ta faɗi laifin ƙarara, da rana da wuri? An ba shi lokacin da zai amsa a rubuce? Ya ji abin da shaidu suka faɗa a kansa? Su wa suka zauna a kwamitin binciken? Wannan ta ƙarshen ce ta fi kayar da mutane. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri da aka zarga da tarzoma, kuma cikin dalilanta akwai cewa wanda ya shugabanci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Shari'ar ɗalibai ce, amma lauyoyin ma'aikata har gobe suna kafa hujja da ita. Manajan da aka zaga, bai kamata a gan shi kan kujerar alƙalanci ba, ko da kuwa kowa ya ji zagin.

Doka ba ta ɗaure wa mai gida hannu ba. Sata, ko duka, ko zamba, idan sun tabbata, ana iya sallama nan take. In ba haka ba, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya gindaya wa'adin sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar. Sashe na 7 kuma ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku. Ban ga yadda za ka tuhumi mutum da karya ƙa'idar da ba ka taɓa nuna masa ba.

Inda ƙananan masu sana'a suka fi taka doka ba su sani ba shi ne wajen "za a cire a albashinka". An makara, a cire. An fasa kofi, a cire. Sashe na 5 ya hana cin ma'aikaci tara da ka. Ko ɓarna ya yi da gangan ko da sakaci, sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a taɓa masa kuɗi, kuma duk abin da za a yanka a wata ɗaya ba zai haura kashi ɗaya cikin uku na albashin ba.