Tallan Zaɓe a Intanet: Darasi Daga Riyadh

Ranar 10 ga Fabrairu 2005 aka yi zaɓen kansiloli a Riyadh, wanda shi ne zagayen farko na zaɓen ƙananan hukumomi a Saudiyya bayan shekaru masu yawa. Ƙa'idar zaɓen ta haramta wa 'yan takara haɗa gwiwa su fito a jeri ɗaya. Amma ana dab da kaɗa ƙuri'a sai saƙonnin waya da shafukan intanet suka cika gari da sunayen wasu mutum bakwai, ana cewa su ne malamai suka yarje wa. Mafi yawansu suka lashe kujeru. Waɗanda suka faɗi sun kai ƙorafi, sakamako bai sauya ba. Doka tana gadin allunan talla da rumfunan kamfe, saƙo kuma ya bi ta aljihun mai zaɓe.

Daga baya Saudiyya ta ɗauki matakai iri biyu. Na farko shi ne dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar riyal miliyan 3 ga mai yaɗa abin da ke taɓa zaman lafiyar jama'a. Na biyu lasisin Mawthooq ne na 2022: duk fitaccen da zai yi talla a kafofin sada zumunta sai ya yi rajista, ya biya riyal 15,000 na shekara 3.

Mataki na biyu yana bin sawun kuɗi, don a san wa ya biya wa. Na farko kuwa faɗinsa ya yi yawa, har yana iya haɗiye mai ƙarya da mai suka baki ɗaya. A 2022 kotu a Riyadh ta yanke wa ɗaliba Salma al-Shehab shekara 34 saboda rubutunta a Twitter, kafin a rage hukuncin.

Mu ma a nan gida Najeriya mun san wannan matsala. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a rufe kamfe awa 24 kafin zaɓe, ta kuma ƙayyade naira biliyan 5 ga mai neman shugaban ƙasa. To, wa ke lissafa abin da ake bai wa sojojin baka da 'yan data? Wa ke rufe WhatsApp a daren jajibere? Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa 'yan jarida ya fi cafkewa, har kotun ECOWAS ta yi fatali da shi, aka gyara shi a 2024.

Saboda haka gyaran da muke buƙata a fili yake. Majalisa ta wajabta cewa kowane tallan siyasa a Facebook ko TikTok ya ɗauki sunan wanda ya biya da adadin kuɗin, hukumar zaɓe ta INEC kuma ta wallafa su kowa ya gani. A hukunta mai sayen ƙarya, a bar talaka ya faɗi ra'ayinsa.