Bidiyon Cika Harsashi A Waya: Abin Da Ya Kamata Ka Sani

Idan kana yawan kallon bidiyon bindigogi, wata rana wayarka za ta jeho maka Ba'amurke a gaban teburi yana cika harsashin libarba, wato ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa. Me ya sa ba ya sayen na kanti kawai?

Dalili biyu ne: kuɗi da saiti. Kwanson harsashi na tagulla ne, ana iya sake amfani da shi sau da dama, kuma libarba ba ta watsar da shi bayan harbi, a cikin ganga yake zama. Masu gasar harbi kuma suna son kowane harsashi ya fita daidai da ɗan'uwansa. Shi ya sa suke auna albarushi da sikelin dijital mai gane bambancin da bai kai miligiram 10 ba.

Mu ma muna da namu salon. 'Yan bindigar da ke buga bindigar toka a hawan sallah, a Kano ko Rano, da hannu suke ɗura albarushi ta baki. Amma albarushin ba ɗaya ba ne. Na zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, ƙarfinsa ya zarce na gargajiya nesa ba kusa ba. Idan ya shiga bindigar da maƙeri ya ƙera, tana iya tarwatsewa a hannu, ta tafi da yatsu ko ido.

Sai kuma doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin haramtattun makamai, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar toka ma tana buƙatar lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Haɗa harsashi a gida kuwa laifi ne mai kai mutum gidan yari. Aikin wurare ne irin kamfanin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964.

YouTube ma tun 2018 ya hana bidiyon da ke koyar da haɗa harsashi. Don haka idan an turo maka irinsa a WhatsApp ko Telegram, kada ka tura wa wani, kada ka ajiye. Matashi a Saji ko Kibiya zai iya ƙaruwa da ilimin awo da kimiyyar da ke ciki, amma gwadawa a ɗaki ganganci ne da rai.