Ramukan Gefen Fim: Wahalar Neman Ɗanyen Fim ga Masu Son Faffaɗan Hoto

Wanda ya taɓa ɗaga zaren fim wajen haske zai ga ƙananan ramuka jere a gefensa, reras kamar ɗinkin keke. Ta cikinsu haƙoran kyamara ke kama fim su ja shi, hoto bayan hoto. Mai kallo bai ma san da zamansu ba. Amma ga mutanen da ke ɗaukar fim don sha'awa a Turai da Amurka da Japan, musamman waɗanda suka dage sai hotonsu ya fito da faɗi irin na gidan sinima, waɗannan ramuka ne ke yanke hukuncin ko za a yi aiki bana, ko kuwa kyamara za ta ci gaba da kwana a akwati. Ana ta cewa fim ya farfaɗo bayan an yi masa likkafani, kuma gaskiya ne. Sai dai farfaɗowar ta zaɓi waɗanda ta yi wa rana.

Ƙaramin fim yana da zuriya. A 1922 kamfanin Pathé na Faransa ya fitar da mai faɗin milimita 9.5, wanda raminsa ke tsakiya, tsakanin hoto da hoto. Bayan shekara guda Kodak ya kawo mai milimita 16, irin wanda motocin majigi suka riƙa haskawa a garuruwanmu zamanin Turawa, kuma irin wanda Jean Rouch ya ɗauki Oumarou Ganda da shi a fim ɗin Moi, un noir. A 1932 aka sami na milimita 8, wanda ake kira Double 8, sannan Super 8 a 1965, shekarar da Fuji na Japan ya fito da kishiyarsa, Single-8. Dukkansu siffarsu ɗaya: faɗi huɗu, tsayi uku, irin allon tsohuwar talabijin.

Sai ga shekarar 1953. Talabijin ta fara janye wa gidajen sinima jama'a, kamfanin 20th Century Fox ya mayar da martani da fim ɗin The Robe a tsarin CinemaScope, wanda ya dogara da gilashin da wani Bafaranshe, Henri Chrétien, ya ƙirƙira. Gilashin yana matse hoto ta gefe da gefe lokacin ɗauka, a wajen haskawa kuma wani irinsa ya warware shi ya cika bango. 'Yan sha'awa suka gani, ransu ya biya. Masu ƙera gilashi suka yi musu ƙanana: Iscorama ta Jamus tana matsewa sau ɗaya da rabi, Kowa da Sankor na Japan sau biyu, har faɗin hoto ya ninka tsayinsa sau 2.66. Wannan hanya ba ruwanta da irin fim ɗin da ka saka, abin da ya sa har yau take raye. Illarta nauyi, da wahalar saita gilashi biyu kafin hoto ya fito tas.

Hanya ta biyu ita ce ta masu ƙiriniyar hannu, kuma a nan maganar ramuka ta shigo. Fim mai milimita 16 kala biyu ne: mai ramuka a gefe biyu, da mai ramuka a gefe ɗaya wanda aka bar ɗaya gefen don sauti. A 1969 wani mai ɗaukar hoto ɗan Suwidin, Rune Ericson, ya faɗaɗa tagar kyamara ta cinye wurin sautin, aka haifi Super 16. Daga baya kamfanin Pro8mm da ke Burbank a Kalifoniya ya yi wa Super 8 irin wannan aiki, ya sa masa suna Max 8.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda aka gina a kan Double 8. Shi wannan fim asalinsa faɗin milimita 16 ne, naɗe a ɗan kwarkwaro mai ƙafa 25. Kyamara tana ɗauka a rabin faɗinsa kawai. In ya ƙare, mai kyamara ya nemi inuwa, ya juya bayansa ga rana, ya buɗe murfi, ya ciro kwarkwaron ya kifa shi ya mayar, ya ɗauki ɗaya rabin. A ɗakin wanki a tsaga shi biyu a haɗa, ya zama ƙafa 50. Ramukansa sun ninka na fim ɗin milimita 16 yawa: tsakanin rami da rami milimita 3.81, maimakon 7.62. To, wasu suka ce, me zai hana a bar shi ba tsagawa, a ɗauki hoto daga wannan gefe zuwa wancan, amma da gajeren tsayin na milimita 8? Abin da ya fito hoto ne siriri mai tsawo, faɗinsa ya ninka tsayinsa kusan sau uku, ya fi na CinemaScope, ba tare da wani gilashin matsi ba. A Ingila cikin shekarun 1960 an kira shi Pan-16. A Kanada, wajen farkon shekarun 2010, aka sake raya dabarar da sunan UltraPan8, ta hanyar haɗa sassan kyamarorin Bolex guda biyu, ta milimita 16 da ta milimita 8. Ga riba kuma: tunda kowane hoto rabin tsayi yake ci, ƙafa 100 da kan ƙare cikin minti biyu da daƙiƙa 46 a gudun hoto 24 sai ta kai minti biyar da rabi.

Kowace daga cikin waɗannan dabaru ta ɗaure kanta da irin huji guda. Super 16 ba ya yiwuwa sai da mai ramuka gefe ɗaya. Tsofaffin kyamarori masu haƙora layi biyu ba sa karɓar komai sai mai ramuka gefe biyu. UltraPan8 kuwa in babu Double 8, ƙarfe ne kawai.

Shi ɗanyen fim ba a siririnsa ake yin sa ba. Ana shafa sinadarin da ke ɗauke da azurfa a kan wani makeken naɗi da faɗinsa ya wuce mita ɗaya, cikin duhu, sannan a yanka shi zare-zare, sannan a huda. Shafawar tana buƙatar masana'anta sukutum. Hudawar tana buƙatar inji mai tsananin daidaito, domin in rami ya kauce da abin da bai kai kaurin gashi ba, hoto zai riƙa rawa a allo. Kamfani ba ya kunna irin wannan inji don mutum ɗari. Wannan shi ne tushen matsalar tun kafin kasuwa ta rushe.

Rushewar ta zo daki-daki. Kyamarar bidiyo ta kwashe iyalai masu ɗaukar biki da suna tun shekarun 1980. A farkon shekarun 1990 Kodak ya daina sa Double 8 a kantuna da sunansa. A 1997 ya daina Super 8 mai sauti, a 2005 ya janye Kodachrome 40, fim ɗin da akasarin 'yan sha'awa suka girma da shi. Ɗakin wanki na ƙarshe da ya iya wanke Kodachrome da launinsa, Dwayne's Photo a garin Parsons na jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen Disambar 2010. A Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, a 2013 Fuji ya daina yin fim na ɗaukar sinima, bayan ya riga ya rufe babin Single-8. Daga 2006 zuwa 2014 cinikin fim ɗin sinima na Kodak ya faɗi da kashi 96 cikin ɗari, saboda gidajen sinima sun koma haskawa ta na'urar zamani, alhali kwafen da ake raba musu su ne ke cin mafi yawan abin da masana'antar ke fitarwa.

Abin da ya hana a kashe wutar masana'antar Kodak da ke Rochester ba 'yan sha'awa ba ne. Manyan daraktoci irin su Christopher Nolan da Quentin Tarantino da J. J. Abrams ne suka matsa wa kamfanonin Hollywood, har a 2015 suka ƙulla yarjejeniyar ci gaba da sayen fim daga Kodak. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko: naɗin da aka shafa don manyan fina-finai, daga jikinsa ake yanko Super 8. Fina-finai kamar Black Swan da Carol, waɗanda aka ɗauka a Super 16, sun sa matasa sun ƙyasa. Masu tallace-tallace da bidiyon waƙa da ɗaukar bikin aure suka gano cewa akwai masu biyan kuɗi don wannan ɗan yashi-yashin da ke cikin hoton fim. A 2018 fim ɗin Ektachrome mai launi na Kodak ya dawo bayan shekaru da janye shi. A ƙarshen 2023 Kodak ya fitar da sabuwar kyamarar Super 8 da ya yi alkawari tun 2016, da faffaɗar taga tun daga masana'anta, a kan dala 5,495. Farashin kaɗai ya isa ya nuna wa aka yi wa ita.

Saboda haka mai Super 8 da mai Super 16 yau suna cikin wadata da ba su zata ba: ga Vision3 mai launi, ga Tri-X baƙi da fari, ga Ektachrome. Sauran kuwa suna rayuwa ne a hannun ƙananan gidaje. Foma da ke Hradec Králové a ƙasar Cek yana yin Fomapan R100 a Double 8 da milimita 16, amma baƙi da fari ne. ORWO na garin Wolfen a Jamus shi ma ƙarfinsa a baƙi da fari yake. Mai son launi a Double 8, ko mai kyamarar milimita 9.5, ko Single-8, sai ya jira wani ya sayi fim mai faɗi ya yanka, ya huda, ya naɗa, irin aikin da Wittner na Hambag ya shahara da shi, ko ya leƙa abin da Film Photography Project na Amurka ya samo. Kaya na zuwa kashi-kashi, ya ƙare, a yi watanni ana jira. Wani lokaci mutane kan haɗa kuɗi kamar adashi don su cika adadin da kamfani zai yarda ya kunna inji. Shi kuma fim ɗin da aka ƙara wa huji daga baya, ingancinsa ya danganta da injin da hannun da ya yi aikin.

Sakamakon farko yana cikin firiza. Kusan duk wanda ya daɗe a harkar yana da sashe a firizar gidansa, gefe da nama da kifi, inda gwangwanayen fim ke jere cikin leda, kowanne da kwanan wata a jiki. Kafin a yi amfani da shi sai an ciro shi ya kwana a waje ya huce, don kada raɓa ta zauna masa. Ɓoyon yana ƙara ƙarancin, ƙarancin yana ƙara ɓoyon. Kasuwar fim ɗin da wa'adinsa ya wuce ta buɗe, mutum ya saya bai san ko a ɗaki mai zafi ya shekara ashirin ba. Tsohon Kodachrome yana nan birjik a kasuwar gwanjo, amma baƙi da fari kawai za a iya fitarwa daga cikinsa yanzu. Ga kuma sababbin na'urorin binciken kaya a filayen jirgin sama, masu ɗaukar hoton ciki ta kowace kusurwa, waɗanda Kodak da kansa ya yi gargaɗin cewa wucewa ɗaya na iya lalata fim ɗin da ba a wanke ba. Wanda ke zaune nesa da ɗakunan wanki na Balin ko Landan ko Kalifoniya, fim ɗinsa zai ƙetare iyaka zuwa da dawowa, kowace tafiya da fargabarta.

Tsada ta kuma sauya yadda ake ɗauka. Ɗan akwatin Super 8 mita 15 ne, minti uku da daƙiƙa 20 a gudun hoto 18, kuma sau uku za a biya: saye, wanki, da sikanin. Ba wanda ke danna kyamara ya bar ta tana gudu. A ganina wannan ya gyara aiki, domin mutum kan tsaya ya duba haske, ya yi tunani kafin ya taɓa maɓalli. Gasar Straight 8 da aka fara a Landan a 1999 a kan wannan ƙa'ida take: akwati ɗaya, ba yanka ba gyara. Amma tsadar nan ta kori ɗan makaranta da ɗan fansho, waɗanda su ne asalin masu wannan sana'a ta sha'awa, ta bar fili ga masu yi don kasuwa.

Asarar da ta fi damuna ita ce ta majigi. A da, fim ɗin ɗan sha'awa irin wanda ake wankewa ya fito da hotonsa kai tsaye ne, a ɗora a inji, a kashe fitila, iyali da maƙwabta su zauna. Masu faffaɗan hoto na wancan zamani har labule suke ɗinka wa allonsu, ya buɗe a hankali kamar na sinima. Yau mafi yawan abin da ake samu mai launi nagetif ne, wanda ba ya haskuwa sai an mayar da shi cikin kwamfuta. Super 16 da Max 8 ma injin majigi na gida ba ya nuna faɗinsu. Fim ɗin da aka sha wannan wahala don ya cika bango, a ƙarshe a tafin hannu ake kallonsa. Kuma da zarar hoto ya shiga kwamfuta, kowa na iya datse sama da ƙasa ya ce ya yi faffaɗan hoto, ko da ya zubar da kusan rabin abin da ya biya kuɗi ya ɗauka. Wannan sauƙin ya rage masu neman Double 8 don faɗinsa, raguwarsu kuma ta ƙara sanyaya gwiwar masu hudawa. Su ma gilasan matsi ba su tsira ba: tun da masu kyamarorin zamani suka gano Iscorama da Kowa, farashinsu ya fi ƙarfin mutanen da aka ƙera su dominsu.

Idanu duk suna kan Rochester, kuma da dalili. A Nuwambar 2024 Kodak ya tsayar da aiki na ɗan lokaci don sabunta injuna saboda buƙata ta ƙaru, a Agustan 2025 kuma wata sanarwa game da bashinsa ta tayar da hankalin masu fim kafin kamfanin ya fito ya kwantar. Ni dai na fi jin tsoron abin da ba ya shiga labarai. Injunan huda Double 8 da milimita 9.5 tsofaffi ne, ba a ƙera sababbi, kuma masu iya wasa haƙoransu da saita su 'yan ƙalilan ne, yawancinsu sun manyanta. Ƙungiyoyin 'yan sha'awa da gidajen adana fina-finai za su iya sayen irin waɗannan injuna in mai su ya ajiye aiki, su sa matasa su koya a hannunsa tun yana da ƙarfi, kuma kuɗin da hakan zai ci bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da ake kashewa a fim ɗaya na Hollywood. Kafin a kai ga haka, wanda zai aika Bolex ɗinsa wajen makaniki a faɗaɗa mata taga yakan fara tambayar masu sayarwa kwarkwaro nawa na Double 8 ya rage a hannunsu, ya saye abin da aljihunsa zai iya, ya zuba a firiza, sannan ya kai kyamarar gidan waya.