Tsiro Mai Addu'a: Yadda Ake Yawaita Shi a Gida

Damina biyu ke nan da wata tsohuwa, maƙwabciyarmu, ta tashi za ta koma ƙauye wurin 'ya'yanta. Ran da za ta tafi ta kawo mana wani tsiro a tukunyar ƙasa, ta ce, "Malam, shekara goma yana hannuna. Kada ka bar shi ya mutu." Da magariba ta yi sai yaran gida suka kira mu da ihu, wai ganyen ya tashi tsaye. Ganyayen da suka yini a shimfiɗe sun miƙe sama, sun haɗu kamar tafin hannun mai roƙo. Da safe suka sake kwantawa. Saboda wannan hali ne Turawa suke kiransa tsiro mai addu'a.

Asalinsa daga dazuzzukan Brazil ne, inda yake yaɗo a ƙasa cikin inuwar manyan itatuwa da laima. Masana suna kiransa Maranta leuconeura, don tunawa da Bartolomeo Maranta, wani likita ɗan Italiya mai binciken tsire-tsire, wanda ya rasu a 1571. Yana da ɗan'uwa a nan kusa da mu: faffaɗan ganyen nan da mutanen kudancin Nijeriya suke ƙunshe alale da shi, danginsu ɗaya. In an duba daidai inda ganye ya haɗu da siririn karan da ke riƙe da shi, za a ga wani ɗan kumburi. Ruwa ne yake shiga yana fita a gefe da gefen kumburin nan bisa ga haske da duhu, shi ke ɗaga ganyen, shi ke saukar da shi.

Tsiro guda a gida amana ce mai hatsari, gama hunturu ɗaya ya isa ya raba mu da shi. Yana yin ƙananan furanni, amma a cikin ɗaki da wuya ya ba da iri. Saboda haka muka ce bari mu yanka mu dasa.

Kuskurenmu na fari

Mun zaɓi ganye mafi kyau, muka yanke shi da siririn karansa, muka sa a kwalbar ruwa. Ya yi wata guda yana kore shar, muna ta murna. Daga baya ya ruɓe, ko saiwa ɗaya bai fitar ba. Sai muka tuna da abin da kowane manomin rake ya sani: daga gaɓa tsiro yake fita. Haka wannan ma. Saiwarsa daga gaɓa take fitowa, wato wurin nan mai ɗan kauri a jikin reshe inda ganyaye suke rabuwa. Yankan da ba shi da gaɓa, aikin banza ne.

Dashe cikin ruwa

A sami sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi da tsabta. A zaɓi reshe lafiyayye mai ganye biyu ko uku, a yanka kamar santimita 2 a ƙasa da gaɓa. A sa shi cikin kwalba yadda gaɓar za ta nutse, amma kada ganye ya taɓa ruwa. A ajiye kusa da taga inda akwai haske, amma rana ba ta dukansa. A riƙa sake ruwan bayan kwana uku ko huɗu.

Ruwan sama ya fi. Tsiron nan ba ya son ruwa mai kanwa ko gishiri, kamar na waɗansu rijiyoyi. Bakin ganyensa yakan ƙone. Cikin mako biyu zuwa huɗu fararen saiwoyi za su leƙo. Kada a yi gaggawa. Sai sun kai tsawon santimita 3 zuwa 5 kana a mayar da shi ƙasa.

Ƙasar kuwa, a haɗa ruɓaɓɓen takin ganye da yashi da ɗan dakakken gawayi, yadda ruwa zai wuce da sauƙi. Lalle tukunyar ta kasance da huda a gindi. Mai faɗi ta fi mai zurfi, gama saiwarsa ba ta nisa. Bayan dashe a rufe shi da farar leda mai 'yan huji har mako guda ko biyu, domin laima ta zauna.

Raba gindi

In tsiron ya cika tukunyarsa, akwai hanya mafi sauri. A ba shi ruwa yau, gobe a juye tukunyar a fitar da shi duka. A kakkaɓe ƙasar a hankali, a raba gindin biyu ko uku da yatsu, kowane kashi da saiwarsa da ganyensa. A dasa nan take kafin saiwar ta sha iska.

Lokaci da kulawa

Farkon damina ne lokacin wannan aiki, sa'ad da iska take da laima. Da hunturu kada a taɓa shi da reza. A kawar da shi daga bakin ƙofa, a ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa, amma kada gindin tukunyar ya zauna cikin ruwan. Waɗanda ke Jos su shigar da shi ɗaki da dare, domin ba ya jure sanyi. Ƙasa ta zauna da danshi, kada ta zama taɓo. Ganyen da ya naɗe da rana tsaka yana jin ƙishi ne ko zafi. In ganyaye da yawa suka yi rawaya, sau da yawa ruwa ne ya yi yawa.

Yanzu muna da tukwane biyar. Ɗaya tana ajinmu, yara suna karɓa-karɓa wajen ba ta ruwa. Ɗaya kuwa mun aika wa tsohuwar a ƙauye, domin mai abu ta ga jikan tsironta. Duk wanda yake da tukunya guda, ya jira ruwan farko, ya nemi gaɓa, ya yanka biyu: ɗaya nasa, ɗaya na maƙwabci.