Kafin ka sa wa motarka manyan rim, fara duba titin unguwarku

Dare ya yi, kana kwance kana jan TikTok, sai ga wata Corolla irin taka sak, amma ta sha rim inci 18, baƙi wuluk yana sheƙi. Ka leƙa taka ta taga, ka ga tana nan da rim ɗin ƙarfe da murfin roba wanda ɗaya ma ya faɗi tun bara. Nan take zuciya ta fara raya maka zuwa Ƙofar Ruwa, ko Panteka idan a Kaduna kake, ko Apo idan ɗan Abuja ne kai.

Babu laifi mota ta ɗau wanka. Amma abokina, rim ba sitika ba ne. Shi ke ɗauke da motar, da kai, da duk wanda ka ɗauko. Don haka kafin ka tura kuɗi, ga abin da bidiyon bai nuna maka ba.

Girman rim, ƙarancin roba

Ramin da ƙafa ke zama a jikin mota ba ya ƙaruwa. Duk incin da ka ƙara wa rim, daga kaurin taya za a cire shi. Ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda galibi ke zuwa da taya 195/65R15. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 195. Ta biyu na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, wato wajen milimita 127. Ta ƙarshe girman rim ce, inci 15.

Idan ka haura zuwa inci 18, tayar da za ta riƙe tsayin ƙafar yadda yake ita ce irin 225/40R18. Gefenta milimita 90 ne kacal. Ka ga kenan ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na robar da ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. A titin Dubai da aka ɗauki bidiyon, wannan ba komai ba ne. A titin unguwarku bayan damina, rami ɗaya ya isa ya kumbura taya ko ya tsaga rim. Kuma bugun da robar ta daina shanyewa, shokabzoba da bayanka ne za su sha shi.

Ga wani abu: rim ɗin ƙarfe idan ya daki rami lanƙwashewa yake, mai faci ya buga shi ka lallaɓa gida. Na aloi kuwa yakan tsage, iska ta riƙa zurarewa. Shi ya sa idan titinku ba lafiya, ƙarin inci ɗaya ya wadatar, biyu iyaka. Kuma ka tabbata tsayin ƙafar gaba ɗaya bai bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba. Idan ya fi tsayi, allon gudu zai riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi.

Lambobin da za ka tafi kasuwa da su

Na farko, ramukan noti. Ba yawansu kaɗai ake dubawa ba, har da faɗin da'irar da suke kai, abin da ake kira PCD. Waccan Corolla 5x100 ce. Camry da Honda Accord 5x114.3 ne. Marsandi 5x112, Peugeot 406 kuma 4x108. Lura da kyau: tsakanin 112 da 114.3 milimita 2.3 ne kawai, don haka rim ɗin Marsandi kan iya shiga Camry idan an matsa. Anan ne za ka ji an ce maka, "Ai zai zauna, yallaɓai." Zai zauna, amma notin a karkace suke, kuma ƙarfen da ke riƙe su yana cin wahala har ranar da zai karye kana kan hanya.

Na biyu, ramin tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1. Idan ramin rim ya fi na motarka ƙanƙanta, ba zai shiga ba. Idan ya fi faɗi, sai an sa zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari kan fara karkarwa da zarar ka ɗau gudu.

Na uku, juya rim ɗin ka duba bayansa. Za ka ga rubutu kamar 17x7J ET45. Wannan ET ɗin ke nuna yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje. Ƙaramar lamba na turo ta waje, ta goge bodi idan ka ɗauki mutane. Babba na tura ta ciki, ta taɓa birki ko shokabzoba. Nemi wanda ke kusa da na asalin motarka.

Na huɗu, notin kansu. Mazaunin notin Honda na asali zagayayye ne, na aloi ɗin Toyota shimfiɗaɗɗe mai wosha, yawancin rim na kasuwa kuwa mai tsini suke so. Ka ɗaure da wanda bai dace ba, ya kwance a hankali ba ka sani ba.

Sabon fenti ba sabon rim ba ne

Rim na hannu da yawa sun riga sun sha walda, an goge, an fesa fenti. Kada ka tsaya kallon fuska. Sa hannu ka shafa cikinsa, ka haska fitilar wayarka, ka nemi tudun walda ko siririn layin tsaga. Sannan ka ce a ɗora shi kan injin balansin a gabanka. Idan yana rawa, bar musu kayansu. Tambarin JWL da VIA alama ce ta gwajin inganci na Japan, amma masu jabu ma suna buga shi, don haka kada ya zama hujjarka ita kaɗai. Araha dai ba ta ado.

Ka kuma yi lissafi har ƙarshe. Sabon rim na nufin sabbin tayoyi huɗu, kuma siraran sun fi tsada, sun fi wuyar samu idan ɗaya ta fashe maka a hanyar ƙauye. Ƙafa mai nauyi da faɗi tana ƙara shan mai, kai kuwa ka san yadda gidan mai ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Idan kuɗin rim zai sa ka ƙare da tsohuwar taya, to ka yi baya-baya. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT da ke jikin tayar: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021 aka yi ta.

Bayan an ɗaura, a yi balansin, a duba alaimen, sannan ka koma a sake gwada ɗaurin notin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Tsofaffin rim ɗinka kuma kada ka yi saurin sayar da su, za ka iya neman su.

Kafin ka fita kasuwa, buɗe ƙofar direba. A yawancin motoci akwai 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin, ɗauke da girman tayar da kamfani ya sa da yawan iskarta. Ɗauki hotonta. Wannan hoton za ka fara nuna wa mai shago, ba na TikTok ba.