Wadatar Zuci a Bakin Babban Titi: Rigacikun da Lissafin Sabuwar Shekara

Mutumin Rigacikun yakan shiga sabuwar shekara fiye da sau ɗaya kafin wata goma sha biyu su zagayo. Akwai ta Musulunci mai kamawa da Muharram, watan Cika-ciki, bisa lissafin Hijira da aka tsayar a halifancin Sayyidina Umar. Kwanakinta 354 ne ko 355, shi ya sa take ja da baya da kimanin kwana 11 duk shekara, ta riske mu yau a damina, wata rana a bazara. Akwai ta manomi, wadda ba ruwanta da kalanda, sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Sai kuma ta Janairu, mai zuwa da hunturu da hazo da faso. Maƙwabtanmu Kirista sukan raya daren 31 ga Disamba a coci da addu'a. Mu da ba mu yi mata biki, ita ce kuma ta fi tsare mu da tambayoyi, domin a kanta gwamnati ke ɗora kasafin kuɗi, a cikinta mai gida ke tuna wa ɗan haya, a cikinta yara ke komawa zango na biyu riƙe da takardar kuɗin makaranta. Mutum ya zauna ya auna kansa: me na tara bara, ina na kwana, su wa suka wuce ni?

Tambayar ƙarshen nan ce ke hana barci, kuma zaman garin namu yana ƙara mata ƙarfi. Rigacikun tana cikin Ƙaramar Hukumar Igabi mai hedikwata a Turunku, tana kwance a kan babban titin Kaduna zuwa Zariya da zarar an baro Kawo. Tsohon layin dogo da ya isa Kano a 1911 ta nan ya ratsa. Filin baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna yana nan kusa. Tun asuba har tsakar dare dukiyar wasu ke wucewa ta gaban idon mutum: tireloli shaƙe da shanu da albasa da tumatir sun nufi Kudu, na siminti da tankokin mai sun nufi Arewa, ga jerin gwanon manya da jiniya. Da yawa daga mazauna sababbin unguwannin tsadar haya ce ta fito da su daga cikin gari, suka sayi fili suka ɗora ɗaki biyu, kullum da safe su nufi Kawo ko babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, su dawo bayan magariba. Wanda ke zaune a irin wannan wuri yana da sauƙin ɗaukar rayuwarsa kamar fasinjan da ya ƙi kwance kayansa a tasha, wai motarsa na tafe. Sai in na sami canjin aiki. Sai in na gama gini. Sai in na fita waje. Shekara goma ta wuce, 'ya'yansa sun girma, shi bai fara zama ba.

Kafin in ce uffan a kan wadatar zuci, dole in faɗi halin da ake ciki, don kada maganar ta zama cin fuska. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, Jihar Kaduna ta amince da 72,000, a daidai lokacin da buhun shinkafa ɗaya ke iya lamushe kuɗin gaba ɗaya. Magidancin da ke rage mudun tuwon dare bai buƙatar wanda ya ƙoshi ya zo ya koya masa haƙuri. Ina jin zafin yadda ake yawan juya wa'azin ƙana'a zuwa ga talaka shi kaɗai, alhali waɗanda suka fi cancantar jin sa suna sahun gaba.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Malam Abdullahin Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu, ya ba da labarin kansa a Tazyinul Waraƙat. A wajajen 1807, ana tsakiyar yaƙi da Gobir, ya ga wasu daga waɗanda suka fito don gyara sun karkata ga tara dukiya da neman muƙami. Ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Da ya iso Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya yi musu tafsiri, ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da adalci, daga baya ya koma gida. Ƙarnuka kafin shi, Imamu Gazali ya ajiye babbar kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1095, lokacin da sunansa ya cika duniyar ilimi, kuma a shekarun keɓewar nan ne ya rubuta Ihya'u Ulumiddin. Abu biyu suka haɗa malaman nan. Dukansu suna da abin a hannu suka sake shi, ba rasa shi suka yi ba. Kuma gudun duniyar bai kai su ga naɗe hannu ba, aikinsu ma ƙaruwa ya yi. A zamaninmu Kaduna ta ga irin wannan a wurin Alhaji Balarabe Musa, wanda ya zama gwamna a 1979 lokacin Katsina na cikin jihar, aka tsige shi a Yunin 1981, ya ci gaba da noma da faɗa wa masu mulki gaskiya cikin rayuwa mai sauƙi har rasuwarsa a Nuwambar 2020. Ko waɗanda suka saɓa da siyasarsa sun shaide shi da rashin kwaɗayi.

To ashe wadatar zuci da mutuwar zuciya ba su haɗa hanya ba. Mai mutuwar zuciya ya daina nema, ya daina tambayar haƙƙinsa, ya jingina lalacinsa ga ƙaddara. Mai wadatar zuci yana fita nema da sassafe, yana iya tsayawa gaban kansila ya tambayi inda kuɗin magudanar ruwa suka shiga, sai dai abin da ke aljihun maƙwabcinsa ba ya hana shi cin tuwonsa da daɗi.

Masu bincike na waje sun daɗe suna kokawa da wannan batu, kuma Najeriya ta taɓa rikita su. A 2003 mujallar New Scientist ta Ingila ta buga sakamakon wani bincike da ya shafi ƙasashe sama da 60, inda 'yan Najeriya suka zo na ɗaya a yawan masu cewa suna cikin farin ciki. Amma a Rahoton Farin Ciki na Duniya na 2024, Najeriya ba ta shiga ɗari na farko ba, Finland ce ke kan gaba tun 2018. Ba ƙarya a cikin ko ɗaya, tambayoyin ne suka bambanta. Na farko ya tambayi mutum ko yana jin farin ciki. Na biyu ya ce ya ɗora rayuwarsa a kan ma'auni daga sifili zuwa goma. Mutumin da ke ƙyaƙyata dariya a majalisa bayan la'asar zai iya ba rayuwarsa huɗu, domin ya san babu magani a asibiti, babu wuta, hanyar ƙauyensu ba ta biyuwa. Dariyar tasa ce, shi da jama'arsa suka samar da ita. Makin nan kuwa na hukuma ne, kuma bai halatta a yi amfani da ta farkon a rufe na biyun ba.

Wani binciken da ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda aka fara a 1938, aka bi rayuwar maza 724, wasu ɗaliban jami'ar, wasu 'ya'yan talakawan birnin Boston, tun suna samari har tsufa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, kyawun dangantakar mutum da na kusa da shi ya fi dukiya da suna nuna yadda tsufansa zai kasance, a lafiyar jiki da kwanciyar rai. Kakanninmu ba su jira wannan ba kafin su ce zumunta a ƙafa take. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya wallafa wani nazari a 1974 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Halayen da ya tattaro sun haɗa da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Babu ɗaya a ciki da ake aunawa da abin da mutum ya mallaka, kuma kusan dukansu sai da wani mutum a gabanka suke tabbata.

Ana ganin haka a teburin mai shayi na bakin titi da sanyin asuba. Ya riga kowa tashi, ya hura wuta, ya jera burodi da gwangwanayen madara, tukunya na tururi kafin a fito daga masallaci. Direbobin da suka kwana a hanya, masu Keke Napep, leburorin gini da ke jiran a ɗauke su, duk nan suke karyawa. Yana da ɗan littafi mai naɗaɗɗen gefe da yake rubuta bashi. Wani malamin makaranta ya tsaya yana lalube a aljihu, sai ya ce masa, "Haba Malam, sha abinka, in wata ya yi ka kawo." Wannan mutum bai taɓa zama ya rubuta manufar rayuwarsa ba. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, mutum talatin za su tambayi lafiyarsa kafin hantsi, wasu su bi shi har gida. Na fi yarda cewa ma'anar rayuwa a nan take, a wurin da rashinka zai bar giɓi, fiye da dogayen burace-buracen da ake rubutawa ranar 1 ga Janairu a manta da su kafin watan ya raba.

Rigacikun kuma tana da hujja babba a kan wannan a cikin gidanta. A nan hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda kowa ya fi sani da NTI. An kafa ta a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka wayi gari azuzuwa sun cika da yara babu isassun ƙwararrun malamai. Dokar da ta tabbatar da ita ta fito a 1978. Aikinta shi ne horar da malamin da ke bakin aiki ba tare da ya bar ajinsa ba: ya karanta littattafan darasi a gida, ya haɗu da masu koyar da shi a cibiyoyin karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. A yi tunanin malamar firamare mai goyo, ta koyar Litinin zuwa Juma'a, ta dafa abinci, ta duba littattafan yara, Asabar ta ɗauki jaka ta koma ɗaliba. Takardar da za ta samu ba za ta mai da ita attajira ba, ta san haka sarai. Amma yaron da ya fara haɗa baƙi da wasali a hannunta zai karanta wa mahaifinsa takardar asibiti wata rana. Ita tana neman ƙarin ilimi da ƙarin girma a aiki, ba ta kuma raina ajin da take ciki ba. Haɗa waɗannan biyun shi ne abin da nake nufi tun farko.

Abin da ke ɓata wannan ma'auni a yau yana cikin aljihunmu. A da mutum da 'yan unguwarsu yake gwada kansa, masu ci irin nasa da sutura irin tasa. Yanzu yarinya a unguwar Barakallahu tana kwance a ɗaki tana kallon lefen 'yar wani attajirin Abuja a TikTok, saurayi yana kallon abokin karatunsa jingine da motar da wataƙila ba tasa ba ce a Facebook. Ba a ɗora hoton bashi, ba a ɗora na rigimar gida. Daga nan ne uba ke sayar da gonar gado don kayan ɗaki, uwa ta shiga adashi uku lokaci guda don biki na kwana biyu, aure ya fara da bashi a wuya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wannan kwaɗayin ba daga cikin mutum kaɗai yake tasowa ba, jama'a ce ke ɗora shi da gori da habaici. Don haka gyaransa ma sai an taru. Dattawan unguwa da iyaye mata da limamai suna da ikon rage tsadar biki idan suka fara da gidajensu.

Akwai kuma lissafin da ya fi na buri amfani a watan Janairu, wanda kwamitin masallaci ko ƙungiyar unguwa za su iya yi a zama ɗaya bayan isha'i. Malaman Islamiyya nawa ne a layinmu suke bin kuɗin wata biyu ko uku saboda iyaye ba su biya ba? Marayu nawa ne ba su koma makaranta zango na biyu ba? Wane dattijo ne sanyin nan ya same shi babu bargo, wace bazawara ce jarinta na ƙosai ya karye? Sunayen sanannu ne, gidajen ba su da nisa, kuma yawancin matsalolin ba su fi ƙarfin karo-karon mutum ashirin ba. A raba sunayen, kowa ya ɗauki ɗaya, a sa ranar da za a dawo a ji inda aka kwana kafin albashin Janairu ya ƙare.